Kwamfuta ba ta san sunan kowa ba

Wata Talata da hantsi wata ɗalibar digiri na biyu ta turo ƙofar ofishina, laftof ɗinta a buɗe a hannu, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Malam, an ƙwace min gida." Gida a bakinmu shi ne foldar da kowane mai asusu yake da ita a ƙarƙashin /home, inda yake zuba fayilolinsa. Na ce ta zauna ta nuna min. Ta shiga uwar gungu, wato babbar kwamfutar da ke jagorantar tarin injinan lissafinmu, komai lafiya lau, ga fayilolinta ga sunanta a gefen kowanne. Ta tsallaka inji na uku, lafiya. Na biyar, lafiya. Da ta zo inji na bakwai sai ya tsare ta da tambayar kalmar sirri, abin da sauran ba sa yi. Ta rubuta, ya bar ta ta shiga, amma ya ajiye ta a bakin ƙofa da Permission denied. Na karɓi laftof ɗin na buga ls -ld, umarnin da ke nuna mai folda, a kan foldarta. Foldar dai da sunanta take, amma a gurbin mai ita sunan wani yaro ne da ya shigo rukuninsu wata biyu kafin nan.

Ta ce, "Shi ya yi?" Na ce a'a, ni na yi. A lokacin ban gama gano yadda aka yi ba, amma na san aikin hannuna idan na gan shi.

Gungun namu ba wani babba ba ne. Uwa ɗaya ce da injinan lissafi goma sha biyu, a lokacin Linux nau'in CentOS 7 a kan kowanne, Slurm yana raba musu aiki. Jikan tsarin nan ne da Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa a NASA a 1994 da kwamfutoci 16 irin na kasuwa, suka sa masa suna Beowulf. Mutane suna shiga uwa, su jera aikinsu a layi, Slurm ya duba injin da yake zaune ba ya komai ya tura masa. Don aiki ya tarar da fayilolinsa duk inda ya sauka, uwa ce take riƙe da /home tana ba wa sauran aro ta NFS, hanyar raba fayiloli ta netwok. Ni na girka shi cikin kwana uku, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Hankalina duk ya tafi wajen abubuwan da nake ganin su ne masu wuya, netwok da MPI da kompaila. Buɗe asusu da yanka faifai kuwa na ɗauke su abin dannawa a wuce. Su biyun nan ne suka hana ni sakat shekara huɗu.

Ga yadda aka ƙwace gidan. Linux ba ruwansa da suna. Kowane asusu lamba ce, UID, kuma lambar ce ake bugawa a jikin fayil a faifai. Sunan da kake gani in ka yi ls, ado ne da injin da kake kai yake ɗorawa bayan ya leƙa /etc/passwd ɗinsa, fayil ɗin jerin sunaye da lambobinsu. Nasa na kansa, ba na uwa ba. NFS kuma, yadda aka saba kafa shi, lamba yake ɗauka ya kai, ba ya tambayar wa ke bayanta. To ni da hannu nake buɗe asusu: in yi useradd a uwa, sannan in zagaya injina goma sha biyu da ɗan madauki na ssh, hanyar shiga inji daga nesa, in maimaita. Shi kuwa useradd, in ba ka ba shi lamba ba, sai ya duba mafi girma da ke akwai ya ƙara ɗaya. Muddin duk injinan suna kunne kuma jerin bai sauya ba, lambobi za su yi ta zuwa daidai, har ka ɗauka ka iya aiki.

Ranar da na buɗe wa ɗalibar nan asusu ita da wani abokin karatunta, inji na bakwai yana kwance, mun cire masa RAM ɗaya da ta lalace. A uwa ta samu 1007, abokin ya samu 1008. Madaukina ya yi ƙorafin bai samu na bakwai ba, na ce zan dawo kansa, na manta. Aka gyara inji, yaron nan sabo ya zo, na buɗe masa: a ko'ina 1009, a na bakwai 1007, tunda shi injin a 1006 ya tsaya. Daga baya na tuna da su biyun na ƙara su a na bakwai, ita ta zama 1008, abokin ya zama 1009. Ka ga mutum uku sun yi musayar riga ba su sani ba. A wannan injin yaron zai iya share duk abin da ta tara na shekara guda, ita za ta iya share na abokinta, abokin na yaron. Allah ya taimake ni ba wanda ya lura sai ita, ita ma don ta je duba wani aiki da ya maƙale ne.

Gyaran /etc/passwd da /etc/group na injin minti biyar ne. Inda na ɓata yini shi ne faifan wucin gadi da ke cikin injin, inda su ukun suka zuba fayiloli da lambobin da ba nasu ba. Ba a cewa duk na 1008 ya koma 1007 kai tsaye, don akwai masu 1007 zaune a wurin, suna cakuɗewa shi ke nan ba mai raba su. Sai da na kwashe kowa zuwa lambar da ba kowa, 51007 da 51008 da 51009, da find mai nemo fayiloli da chown mai sauya musu mai su, sannan na sauko da su ɗaya bayan ɗaya inda ya dace. Kamar mai juye ruwa tsakanin kofi uku cikakku, dole ya nemo na huɗu. Na yi shi a hankali ina ƙirga fayiloli kafin da bayan, don na san chown mai zagaya folda shi ne ainihin garin neman gira a rasa ido.

Wannan ciwon ba mutane kaɗai yake kamawa ba. Asusun da manhajoji suke buɗe wa kansu lokacin girkawa su ma lamba suke ɗauka, a dangin Red Hat, inda CentOS yake, daga 999 ake sauka ƙasa, kuma wanda ya riga zuwa shi ke ɗauka. In ka girka manhajoji a uwa da jeri daban da na injinan lissafi, asusun slurm zai iya zama 995 a nan, 992 a can. Sai injin lissafi ya ga umarni ya zo daga lambar da bai san ta a matsayin shugaba ba, ya ƙi, kai kuma ka kwana kana zargin netwok. Tun daga lokacin, kafin in girka komai nake buɗe slurm da munge da hannuna, da lambar da na zaɓa na rubuta. Shi munge, wanda ke buga hatimin shaida a kan kowane saƙo tsakanin injina, buƙatarsa biyu ce: mabuɗi iri ɗaya sak a kowane inji, da agogo da suka yarda da juna. Hatiminsa minti biyar yake rayuwa in ba ka sauya ba, don haka injin da agogonsa ya zame sai ya koma baƙo a gidansu.

Akwai hanyoyin da suka fi madaukina, kuma tun kafin in fara akwai su, girman kai ne ya hana ni dubawa. Rocks, manhajar girka gungu wanda cibiyar manyan kwamfutoci ta San Diego ta fara fitarwa a 2000, yana da sabis mai suna 411: ka buɗe asusu a uwa, ka ce rocks sync users, ya rarraba wa kowa. Akwai NIS na zamanin da, akwai LDAP, akwai FreeIPA mai haɗa LDAP da Kerberos wuri guda. Na taɓa gwada FreeIPA a wani ƙarshen mako. Abu ne mai kyau, ba na musu, amma ga injina goma sha biyu da mutum arba'in, ɗaukar wa kai dala ne ba gammo: ka ƙaro wani sabis ɗin da in ya faɗi ba mai iya shiga ko'ina, kuma kai kaɗai ne mai tashinsa. Wanda ma'aikatarsa take da rumbun asusu na tsakiya, ya jingina da shi, ya huta. Wanda ba shi da shi, wuri ɗaya tak ya zama tushen gaskiya, sauran su kwafa daga can, kuma a kwafa ta hanyar da injin da ya kwana a kashe zai karɓi rabonsa da ya farka ba sai wani ya tuna ba.

Da yake maganar asusu ake, bari in faɗi rigimata da Farfesa. Shi ne ya nemo kuɗin injinan, saboda haka in ya yi magana ana saurara. Ya kira ni ya ce, "Wai duk wannan wahalar ta mece ce? Ka buɗe mana asusu ɗaya da sunan rukuni, ka ba yaran kalmar sirri, kowa ya shiga." Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da wani ya share sakamakon wata shida, wa za mu tambaya?" Ya ce yaransa ba sa haka. Na ce ai ba da gangan ake yi ba, kuma ranar da ɗaya ya kammala ya tafi, da kalmar sirrin kowa zai tafi. Ya yi shiru, sannan ya ce to shi dai a ba shi sudo, wato ikon yin komai a inji. Nan ma na lallaɓa. Abin da yake so a zahiri bai wuce ya iya buɗe fayilolin ɗalibansa ba tare da ya roƙi kowa ba, wannan kuwa ba ya buƙatar sarauta. Na buɗe rukuni, na sa su duka a ciki, na yi musu folda ɗaya na ba ta izinin 2770. Wannan 2 ta farko ita ce sirrin: duk fayil ɗin da aka haifa a ciki rukunin foldar yake gada, ba na wanda ya rubuta shi ba. Na gyara musu umask ya koma 007 don abokan rukuni su iya rubutu. Farfesa ya samu abin da yake so, bai sake tayar da zancen sudo ba, ko da yake har yau in mun haɗu yakan ce ga mai rowar mabuɗi nan.

Abu ɗaya da ya kamata mai son yawan rukunoni ya sani: NFS da shaidarsa ta gargajiya rukuni 16 kacal yake ɗauka wa mutum ɗaya. Na goma sha bakwai ba ya isa uwa. Mutum zai ga sunansa a rukuni, id ya tabbatar masa, folda kuma ta ƙi buɗuwa. Maganinsa a kunna manage-gids a uwa, ta riƙa duba rukunonin da kanta. Sau ɗaya ya taɓa kama mu, kuma Farfesan ne, don shi kaɗai ne yake cikin kowane rukuni.

Faifai kuma nasa labarin ya fi ciwo, don lamba ana sauya ta da rana tsaka, layin da ka ja a faifai kuwa tun ran gini ran zane.

Uwa tana da ƙaramin SSD na gigabait 480 don tsarin aiki, da wani babban rumbu na faya-fayai da aka haɗa da RAID. Ranar girkawa, da na iso shafin yanka faifai, na bar wa manhajar girkawa ta yanka da kanta. Ita kuwa ɗabi'arta a CentOS 7 ita ce ta ba saiwa, wato /, gigabait 50, ta ɗebi na swap, wurin da inji ke zuba abin da RAM ta kasa ɗauka, duk ragowar ta tura wa /home. Ga kwamfutar mutum ɗaya wannan daidai ne. Ga uwar gungu kuwa juye yake. A cikin hamsin ɗin nan /var yake zaune, a cikin /var kuwa akwai rajistar duk abin da ke faruwa, akwai ma'ajiyar bayanan Slurm, akwai inda yake rubuta halin da layin aiki yake ciki. Ga /opt da kompaila masu cin gigabait kamar ba gobe. Ga /tmp, inda kowa yake zubar da shara. Ko Rocks, da yankansa na asali a fitowarsa ta baya yake da tsumulmula, gigabait 16 ga saiwa, 4 ga /var, 1 ga swap, ragowar ga /state/partition1, ya dai san ya ware /var gefe. Ni ko wannan ban yi ba.

Wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya saƙonni suka fara shigowa wayata, wai ba a iya miƙa aiki. Na shiga daga gida. Abin da ya fara gaya min akwai matsala, tun kafin in duba komai, shi ne na danna Tab don a ƙarasa min sunan folda sai bash ya ce No space left on device. Ko ɗan fayil ɗin wucin gadi da yake buƙata bai samu wurin ajiyewa ba. Na yi df -h don in ga cikar kowane yanki. Saiwa ɗari bisa ɗari. /home, a kan faifai ɗaya da ita, kashi 31. Ga fili nan shimfiɗe fiye da gigabait ɗari biyu, katanga ɗaya ce tsakani, ba halin taɓawa. Da tsarin fayil ɗin faifan ext4 ne da wataƙila an ɗan rage min zafi, don shi yakan ɓoye kashi biyar cikin ɗari ya ajiye wa root, asusun mai cikakken iko, saboda irin wannan rana, XFS da nake kai kuwa ba ya wannan alfarmar.

Na bi da du, mai auna girman foldoji, har na kamo ɓarawon: /var/log/messages ya kai gigabait 29. Wani injin lissafi ne katinsa ya rikice yana ta maimaita kuka ɗaya sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ni kuma na saita duk injina su riƙa turo rajistarsu uwa. Cikin gaggawa na yi rm na share fayil ɗin. Na sake df. Ɗari bisa ɗari, ko gezau. Na zauna ina kallon allo kamar an mare ni. Fayil ya tafi, du ba ya ganinsa, amma wurin bai dawo ba. Dalili kuwa, share fayil a Linux cire sunansa ne kawai daga folda; muddin wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe, jikinsa yana nan daram a faifai. Na yi lsof +L1, sai ga shi, rsyslog, mai rubuta rajista, ya rungume gigabait 29 marasa suna yana ci gaba da zuba musu rubutu. Na sake tayar da rsyslog, wuri ya dawo nan take. Da na yi haƙuri na zazzage cikinsa da truncate maimakon sharewa, da ban sha wannan tsoron ba.

Washegari na ce to bari in rage /home in ƙara wa saiwa, tunda LVM ne, tsarin da ke bari a sauya girman yankunan faifai. A nan na koyi abin da ya kamata in sani tun ranar farko: XFS yana girma, ko ana cikin aiki da shi, amma ba ya raguwa. ext4 yana raguwa in ka sauke shi, XFS kuwa sai dai ka kwashe kaya ka rushe ka sake gini. Haka muka yi. Na sanar da mutane, muka kashe gungu ranar Asabar, na kwashe /home gaba ɗaya zuwa babban rumbu inda ya kamata ya zauna tun farko, na rushe yankin, na yanka wa /var nasa. Wani ɗalibi da ke da wa'adin miƙa takarda ranar Litinin bai gaishe ni ba har wata guda, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da nake yi yanzu, kuma nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni: in kana da LVM, kada ka rabar da faifai duka ranar farko. Ka ba kowane yanki abin da zai ishe shi shekara, ka bar kusan rabi ba na kowa ba. Ranar da wani ya cika, lvextend -r layi ɗaya ne, ba kashe inji, ba sanarwa. Ba ka san wane yanki ne zai kumbura ba sai mutane sun fara aiki. Ni na rantse /opt ne zai fara, ashe /var ne.

Injinan lissafi nasu yankan da sauƙi, amma su ma sun ba ni darasi ɗaya. Na ba su /tmp na gigabait 10 a kan ext4. Wani aiki ya riƙa mutuwa da kukan ba wuri, df -h kuma yana nuna ko kwata ba a ci ba. Sai df -i ya tona asiri. ext4 tun ranar da aka tsara shi yake ƙayyade yawan fayilolin da zai iya ɗauka, bisa al'ada inod ɗaya, gurbin fayil ɗaya ke nan, ga kowane kilobait 16, wato 655,360 a gigabait 10. Aikin yaron yana haifar ƙananan fayiloli dubu ɗaruruwa, kowanne bai fi layi biyu ba. Wuri yana nan, tikitin shiga ne ya ƙare. Swap kuwa ba zan ɓata baki a kansa ba. Tsohuwar ƙa'idar ninka RAM sau biyu ta mutu. Injin da ke da gigabait 128 in ya fara zuba lissafi a swap, gara aikin ya mutu mai shi ya sani, da ya kwana uku yana jan ciki. Kaɗan nake sawa, in bar Slurm ya tsare kowane aiki a iyakar abin da ya roƙa. Haka zancen MBR da GPT, hanyoyi biyu na rubuta teburin yankunan faifai: MBR yanki huɗu na asali yake ɗauka kuma ba ya wuce terabait biyu, ba dalilin da zai sa a girka sabon gungu da shi.

Saura wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Injinan lissafi ta netwok suke girkuwa, da fayil ɗin kickstart da ke amsa duk tambayoyin girkawa. A cikinsa na rubuta clearpart --all, na kuma ce a yanka yankuna a kan sda, sunan da Linux yake ba faifai na farko. A raina ma'anarsa a share faifan injin a sake. Ainihin ma'anarsa kuwa a share teburin yankuna na duk faifan da ido ya gani. Wata uku kafin nan wani Dakta ya roƙe ni in saka masa faifansa na terabait huɗu a inji na goma sha ɗaya, don bayanansa su zauna kusa da lissafi. Shi ne ma wanda ya dawo washegari yana cewa, "Malam, huɗu na saya, 3.6 nake gani, ina sauran?" sai da na zauna na bayyana masa cewa masu sayarwa da dubu-dubu suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1024. Na saka faifan, na manta da shi. Ranar da injin ya rikice na ce a sake girka shi, na tafi shan iska, na dawo na tarar da inji sabo fil, faifan Dakta kuma ba yanki ko ɗaya.

Na kira shi. Ban yi kwana-kwana ba, na ce, "Dakta, na yi maka ɓarna." Ya tambaya ko akwai kwafi. Na ce tambayar da zan yi maka ke nan. Shiru ya ratsa wayar. Yana da kwafin rabi.

Abin da ya cece ni shi ne ba a rubuta komai a kan faifan ba, tebur da alamar tsarin fayil kawai aka goge. Na cire shi, na yi masa kwafi sak a wani faifan, wanda ya ci dare guda, sannan na yi aiki a kan kwafin. Na sake ja layin yankin daga sekta 2048 inda na san ya fara, na kira e2fsck, mai gyaran ext4, na nuna masa babban tubalin ajiya da ext4 yake ɓoyewa a 32768. Ya yi 'yan tambayoyi, na amsa, na ɗora faifan, sai ga foldoji sun jeru. Na daɗe ban ji daɗin ganin sakamakon ls irin na ranar ba. Amma sa'a ce tsagwaronta. Sunan sda ba na kowa ba ne, faifan da ya riga amsawa lokacin tashi shi ke ɗauka. Da a ce ranar faifan Dakta ne ya riga, da a kansa za a zuba tsarin aiki, kuma da ba wani e2fsck da zai dawo da shi. Abin ya ba ni dariya daga baya: wajen mutane na riƙe suna na manta da lamba, wajen faifai ma sunan na sake riƙewa. Yanzu kickstart ɗina da ignoredisk --only-use yake farawa, kuma da adireshin ramin da faifan yake ciki nake kiransa, na ƙarƙashin /dev/disk/by-path, don shi ne iri ɗaya a duk injinan da ƙirarsu ɗaya. A fstab, jerin faya-fayan da inji ke ɗorawa in ya tashi, kuwa UUID kawai, lambar shaidar yanki da ba ta sauyawa.

CentOS 7 ya kai ƙarshen rayuwarsa ranar 30 ga Yuni 2024, dole muka sake gini, ni kuma na samu abin da ba kasafai ake samu ba, damar yin zane a sabon gini. Muka koma Rocky Linux 9 da Warewulf, dukansu daga hannun Gregory Kurtzer suka faro. Da Warewulf injinan lissafi ba sa girka komai a faifai, kullum suka tashi sai su ɗauko tsarin aiki daga uwa su zauna da shi a RAM, passwd da group ma daga uwa suke zuwa. Faifan cikinsu ya koma na wucin gadi da ɗan swap. Injin da ya kwana a kashe yana farkawa yake daidai da 'yan uwansa.

Wannan karon sai da na yi kwana biyu da takarda da biro kafin in taɓa inji. A SSD: megabait 600 ga /boot/efi, gigabait 1 ga /boot, 60 ga saiwa, 60 ga /var, 20 ga /var/log shi kaɗai don in wani kati ya sake haukacewa ya cika ɗakinsa ya bar na Slurm, 20 ga /tmp, 8 ga swap, ragowar a ajiye. /home a babban rumbu, da ƙayyadadden rabo ga kowa tun ranar farko, don sa wa mutum iyaka bayan ya riga ya zuba terabait biyu faɗa ne. A ɗaya shafin kuma jerin mutane da lambobinsu, kowa da wadda yake da ita tun da. Na kuma daina share asusu. In wanda ya tafi shi ne mai lamba mafi girma, ka share shi, mai zuwa na gaba lambarsa zai gada, da duk fayilolin da ya bari a ko'ina. Kulle nake yi, kuma usermod -L kaɗai bai isa ba, don kalmar sirri yake toshewa, mai mabuɗin ssh zai wuce abinsa. Sai an haɗa da chage -E 0 asusun ya ƙare gaba ɗaya.

Ranar ƙaura na kwashe kaya da rsync, na sa masa --numeric-ids don kada ya yi min wayon daidaita sunaye. Da ya gama na ce bari in tabbatar kowane fayil yana da mai shi, na yi find da -nouser. Ya fito da folda ɗaya a babban rumbu, gigabait 212, sunanta final_v3, a gurbin mai ita ba suna, lamba ce tsirara: 1011. Asusun da na share ne tun zamanin jahiliyyata. Na duba takardata, daga 1010 sai 1012. Na tura wa rukunoni saƙo, ba wanda ya ce tasa ce. Na je wajen Farfesa da laftof na nuna masa, ya sa tabarau ya buɗe fayil biyu uku, ya ce lissafin dai irin na ɗakinsu ne amma bai gane hannun ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, in share?" Ya ce, "A'a, bar ta tukuna." Na rubuta 1011 a takardar, na ja layi a gurbin suna, na mayar da foldar ta karatu kawai.